Dogon Hutu a Daji: Tambayoyin Iyayen Zangon Kumasi Kan Kai Yara Gandun Namun Daji

Ni malamin makaranta ne a nan Kumasi, da safe boko, da yamma allo. Duk dogon hutu, ni da wasu abokan aikina da iyaye mata biyu ko uku mukan ɗebi yaran unguwa mu kai su daji. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake tare ni da su a ƙofar masallaci, a wurin suna, ko a waya bayan isha'i. Na rubuta su kamar yadda aka yi mini su.

Malam, me yaro zai koya a daji wanda ba zai koya a aji ba?

Alhaji, bari in fara da goro. Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fatake sun taso daga Kano da Katsina da jakuna, suna yin watanni a hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da ya fito daga dazukan Asante. Da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, da yawansu suka gangaro kudu. Amma ka tara yara talatin na Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ka tambaye su wa ya taɓa ganin itacen goro. Ranar da muka tsaya a gonar wani manomi a bakin hanya, ya tsinko ƙwanso guda ya fasa, yara suka ga goro kwance a jere cikin farar riga, wata yarinya da kakarta ta shekara tana kasa goro a tire ta riƙe shi tana juyawa, ta kasa magana. Da ta koma gida, hirar da suka yi da tsohuwar ta kai su tsakar dare.

Haka harshenmu ma yake. Bakinmu cike yake da namun daji. Muna cewa giwa a garin wani zomo ce, muna cewa sawun giwa ya taka na raƙumi, muna yi wa yara tatsuniyar kura da gizo. Yaron zango ya san kalmomin, amma bai san masu sunan ba. Wasu sunayen ma sun fara ɓacewa daga bakinmu: gwanki, kanki, mariya, mazo, gwambaza, burtu. Yaro ya haddace sunan dabba da Turanci don jarrabawa, ya ji sunanta da Asantanci a kasuwa, na Hausa kuwa ya tafi tare da kakansa. Abin da nake nema a wannan tafiya shi ne yaro ya tsaya gaban halitta mai rai, ya dube ta da kyau, ya kira ta da sunanta.

Ina ake zuwa? Akwai irin wannan wuri kusa da Kumasi?

Ghana tana da manyan gandun daji na ƙasa guda 7: Mole, Kakum, Digya, Bui, Bia, Kyabobo da Nini-Suhien. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke riƙe da su. Biyu daga ciki ne suka fi dacewa da ayarin yara, wato Kakum da Mole.

Kakum yana Yankin Tsakiya, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Kurmi ne mai duhu, faɗinsa murabba'in kilomita 375. Tun 1931 aka keɓe shi, aka mai da shi gandun ƙasa a 1992. Mole kuma yana arewa, kusa da Damongo, shi ne mafi girma a ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma ya zama gandun ƙasa a 1971. Dajinsa irin na ƙasar Hausa ne: ciyawa, kaɗanya, ɗorawa, kuka.

A nan kusa akwai ƙananan wurare da ake zuwa a dawo kafin magariba: Owabi a arewa maso yamma da birni, dajin Bobiri a Kubease kan hanyar Accra, da Bomfobiri a wajen Kumawu.

To, a hutun Agusta wanne ya fi?

Kakum, ko Bobiri. Mutane da yawa ba sa son jin wannan amsa domin zuciyarsu tana kan giwayen Mole, amma ku duba yanayi. A kudu, manyan ruwan sama suna lafawa wajen ƙarshen Yuli, Agusta ya zo da sanyi-sanyi da lumshi, kafin ƙaramar damina ta dawo a Satumba. A arewa kuwa damina ɗaya ce, kuma Agusta da Satumba ne tsakiyarta. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya kwanta ko'ina, don haka dabba ba ta da dalilin zuwa tafki inda za a gan ta. Lokacin Mole shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke koro giwaye zuwa tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masauki, har mutum yana zaune a sama yana kallonsu suna wanka.

Ga kuma nisa. Daga Kumasi sai ka bi Techiman, Kintampo, Buipe, ka karya kwana a Fufulso zuwa Damongo da Larabanga. Yini guda ne a mota, dole a kwana. Kakum kuwa, idan an tashi bayan asuba ta hanyar Assin Fosu, awa huɗu zuwa biyar an isa. Mukan ajiye Mole sai hutun Disamba, mu tafi da manyan yara.

Wannan gadar igiya ta Kakum da ake ta nunawa a Facebook, ba za ta tsinke da ɗana ba?

Hajiya, tsoron nan naki kowace uwa tana da shi. Gadar tsani ce ta ƙarfe da aka shimfiɗa wa katako, an rataye ta da wayoyin ƙarfe da igiyoyi a jikin manyan itatuwa, ga raga hagu da dama da ta kai ƙirjin babban mutum. Tsagi 7 ne, jimillar tsawonsu kusan mita 350, kuma a wani wurin tana kai mita 40 daga ƙasa. An buɗe ta a 1995, wasu injiniyoyi biyu daga Kanada ne suka gina ta tare da ma'aikata 'yan ƙasa. Tana lilo, dama haka aka yi ta. Abin da ke kawo matsala shi ne yaro mai tsalle da gangan don ya tsorata na bayansa, shi ya sa nake sa babba a gaba, babba a baya, ana bin juna da tazara.

Kafin a kai gadar akwai hawan tudu mai ɗan wahala, mai ciwon asma ya riƙe maganinsa a hannu. Yaron da ya ce ba zai hau ba, ba a tilasta masa, ba a yi masa dariya. Akwai hanyar ƙasa cikin kurmi, kuma a ganina darasin da ke can ya fi na sama yawa.

Me suke yi tun safe har yamma? Kada ya zama yawo da ɗaukar hoto kawai.

Kowane yaro yana da littafin rubutu da fensir, kuma aikin farko shi ne shiru. Mukan zauna minti 10 babu mai magana, kowa ya rubuta sauti nawa ya ji. Yaron da ya tashi tsakanin ƙahon motocin haya na tiroro da lasifikar masu wa'azi da injin niƙa, minti biyun farko sai ya ce bai ji komai ba. Can sai kunne ya buɗe: tsuntsu a sama, wani yana amsa masa daga nesa, ɗigar ruwa daga ganye, kukan gyare. Kakum yana da tsuntsaye fiye da iri 250, amma a kurmi kunne ne ke fara ganinsu.

Sai awo. Muna zuwa da igiya, yara su kewaye gindin rimi, wanda Asantawa ke kira onyina, su auna, su raba da 3.14 su fitar da kaurinsa. Lissafin da suke gudu a aji, a nan rige-rige suke yi. A Mole idan mun samu sawun giwa a laka, mukan auna kewayen sawun ƙafar gaba mu ninka biyu, ya ba mu kusan tsawonta zuwa kafaɗa. Sai ɗan rakiya ya buɗe kashin giwa da sanda ya nuna musu ƙwayoyin itatuwa a ciki, wasu har sun fara tsiro. Daga nan yaro ke gane cewa giwa, wadda ke ɗaukar ciki wata 22, ita ma manomiya ce a dajin.

A Bobiri aikin malam-buɗe-littafi ne, domin akwai kusan iri 400 a wurin. Ba a kamawa. Yaro ya zaɓi guda, ya bi shi da ido, ya zana fukafukinsa, ya rubuta a kan wane fure ya sauka. Ya fi kyau a isa da hantsi lokacin da rana ta fito, in gari ya lumshe sukan ɓuya.

Aikin da na fi so shi ne jadawalin suna. Shafi guda, layi uku: Hausa, Asantanci, Turanci. Abin da yaro bai san sunansa da Hausa ba, ya zana shi ya kai wa tsofaffin gida. Ta haka wani dattijo mahauci ya koya mana bambancin gada da mazo, ya kuma gyara mini wani suna da na daɗe ina faɗa ba daidai ba. Idan akwai Dagomba ko Moshi ko Kotokoli a cikin yaran, ana ƙara layi.

A hanya ma akwai karatu. A Assin Praso mukan sa yara su leƙa kogin Pra su rubuta launin ruwansa, wanda haƙar zinare ta ɓarauniyar hanya, wato galamse, ta mayar kamar koko. Gaba kaɗan akwai Assin Manso, inda ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Da manyan yara mukan tsaya.

Za su ga giwa da zaki? In dabbobi ne, ai ga gidan zu nan kusa da kasuwar Kejetia.

Zaki kam a cire rai. A Kakum akwai giwayen kurmi da birai iri-iri, amma suna can ciki, ayarin yara ba ya ganinsu. A Mole da rani ana ganin giwa, mariya, gwambaza, mazo, mugun dawa, gwaggon biri, jan biri da kada. Ina gaya wa yara wannan tun a gida, domin yaron da aka yi wa alkawarin giwa, idan bai gan ta ba, ba zai ga komai ba.

Gidan zu na Kumasi, wanda aka buɗe a 1957, yana da amfaninsa, musamman ga ƙanana. Sai dai dabbar da ke keji ba ta nuna maka yadda take neman abinci, ko yadda take ɓuya, ko abin da ke tsakaninta da itacen da take zaune a kai. Abin da ya fi koyarwa a wurin ma ba a keji yake ba: jemagun da suka rataye a itatuwan harabar, dubbai, masu tashi da magariba. Su ne ke yaɗa irin odum, itacen da kafintocinmu ke yabon katakonsa.

Ba mu manta da abin da ya faru a Kintampo ba. Ta yaya za mu saki jiki?

Kada ku manta, mu ma ba mu manta ba. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da ƙaton itace a magangarar ruwan Kintampo, aƙalla mutum 18 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai ne da suka je ziyara. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Dokarmu ta farko daga nan ta fito: da zarar hadari ya haɗo ko iska ta taso, an fita daga ƙarƙashin itatuwa, an koma mota, ko da an riga an biya kuɗi. Ba ma shiga ruwa ko kaɗan, ko rafi ko teku.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne na hanya. Wata shekara wani direba da muka yi haya ya matsa mu dawo da dare don yana da wani aikin da safe, muna tafe yana gyangyaɗi. Na sa ya tsaya, muka kwana a masallacin wani gari. Tun daga ranar ba ma tafiyar dare, kuma ina duba tayoyi da kaina kafin yaro ya shiga.

A cikin daji babba ɗaya yana riƙe da yara 6, ana ƙirga kai duk inda aka tsaya. Ba a shiga sai da ɗan rakiya na gandun, a Mole ma mai bindiga ne, kuma maganarsa ce a gaba da tawa. Ba a barin hanya, ba a zura hannu a rami. A kurmi a riƙa duba ƙasa saboda jerin kwarkwasa, a tsallake, kada a tsaya a kai.

Daga shekara nawa?

Bobiri da Owabi, daga 6. Kakum, daga 9. Mole, 'yan ƙaramar sakandare.

'Yata fa? Da sallah, da karatun allo da za ta rasa?

Mma, 'yan mata suna zuwa, kuma sau da yawa littafinsu ya fi na maza cika. Ba ma tashi sai da iyaye mata, in kwana ya kama ɗakinsu daban. Ta sa dogon wando ƙarƙashin riga, da hijabi gajere wanda ba zai sarƙe da igiya ko ƙaya ba.

Muna tafe da tabarmi da butoci, tafiyar Kakum da ta Mole duk sun kai a yi ƙasaru, yara kuma su koyi hukuncinsa a aikace. Karatu kuwa ba ya tsayawa. Na kan tambaye su surori nawa ke ɗauke da sunan halitta, su shiga lissafi: Baƙara, An'am, Nahli, Namli, Ankabut, Fili. Yaron da ya durƙusa ya kalli tururuwa tana jan abin da ya fi ta girma, idan aka karanta masa ayar An'am da ke cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, ba ya bukatar dogon bayani. A tafiyar Mole mukan tsaya a Larabanga su ga tsohon masallacin ƙasa mai sanduna a jiki, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi a 1421, ga kukarsa a gefe.

Me zan sa masa a jaka?

Takalmi rufaffe da safa, wannan wajibi ne, a Mole ba za a bar mai silifa ya shiga yawon ƙafa ba. Riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko koriya. A guji shuɗi da baƙi domin su ke jawo ƙudan tsando. Hula, rigar ruwa ko babbar leda, katin inshorar lafiya, da gidan sauro in za a kwana. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya a gaya mini a asirce tun kafin ranar, kada a ɓoye don tsoron za a bar shi.

Abinci daga gida: wake da shinkafa a ganye, ƙosai, burodi, dafaffen ƙwai, ruwa mai yawa. Kowace ledar ruwa da ta shiga daji tare da mu take fita. Kuma ba a ba biri abinci. A Mole wani gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun wani yaro, bai ji masa ciwo ba, amma ya firgita ƙwarai. Masu ziyara ne suka koya wa biran nan cewa hannun mutum akushi ne.

Nawa za a kashe?

Mota ce ke cin kaso mafi girma, sai kuɗin shiga da na ɗan rakiya. A Kakum kuɗin gada daban yake. Ɗan ƙasa yana biyan ƙasa da baƙo, yaro ƙasa da babba, saboda haka manya su riƙe katin ɗan ƙasa, a kuma rubuta wa ofishin gandun tun da wuri cewa ayarin ɗalibai ne. Ku zaɓi ranar aiki, ranakun Asabar da na hutun ƙasa cunkoso da ihu sukan kore duk wani tsuntsu.

Mu susu, wato adashi, muke yi tun bayan hutun Afrilu, kowane mako 'yan sidi kaɗan, a hannu ko ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya. A kowace mota muna barin kujeru biyu na marayu, waɗanda masu hali a unguwa ke biya ba tare da an faɗi sunansu ba.

Ya zo da waya?

A'a. Wayar manya ta isa, za a turo muku hotuna a WhatsApp. Yaron da ke riƙe da waya yana dannawa ya wuce, mai fensir dole ya tsaya ya ƙirga ƙafafu.

Ni jikan mafarauci ne. Kada ku koya wa ɗana cewa kakansa mai laifi ne.

Ba za mu yi ba, Baba. Mafarautan zamanin da sun san daji fiye da mu duka, kuma suna da ka'ida: ba a harbin mai ciki, ba a taɓa mai shayarwa. Dokar ƙasa ma a kan wannan ta tsaya. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta a Ghana domin lokacin haihuwar namun daji ne, in ban da ɓeran dajin nan da ake kira akrantie, shi ma sai da lasisi. A cikin gandun ƙasa kuwa babu farauta kowane lokaci. Hutun yara yana faɗawa daidai farkon wannan rufewa, don haka mukan tattauna: me ya sa aka zaɓi waɗannan watanni, kuma naman da ake gani a Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, daga ina yake fitowa? Abin da ya sauya tun zamanin kakanku shi ne mutane sun yi yawa, daji ya ragu, ga fitila da bindiga da guba. In za ka yarda ka zo ka koya wa yaran karanta sawu, kujerar gaba taka ce.

Bana ba ni da hali. Ɗana ya rasa ke nan?

Bai rasa ba. Kuɗin tiroro ya isa a kai shi Owabi, ya ga madatsar da wani sashe na Kumasi ke shan ruwanta, da dajin da ke kare ta, wanda tun 1988 aka sa shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. Ko tafkin Bosomtwe, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan guda da ta wuce.

In ko wannan bai samu ba, ki saya masa littafi da fensir. Ya zaɓi itace guda a unguwa, ya riƙa zama gindinsa kowace safiya har hutu ya ƙare, ya rubuta duk abin da ya sauka a kai. Ya je mahauta ya ƙirga ungulu, sannan ya tambayi tsohon mahauci nawa ake gani a zamanin ƙuruciyarsa. Irin ungulun nan tamu ta gari tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Idan an koma makaranta ya kawo mini littafin, a ranar da 'yan Kakum ke karanta nasu shi ma zai tashi ya karanta nasa.